Sojan da aka sallama daga asibiti: ina farar hula za su sa hannu?

Wata Hajiya, amirar ƙungiyar mata a Agege, ta aiko da tambaya. Ta ce sun daɗe suna tara kuɗi duk Asabar bayan karatun Islamiyya, kuma sun yi niyyar taimaka wa sojojin da aka ji wa rauni a yaƙin Arewa maso Gabas, waɗanda ake kawowa jinya Legas. Sai kan 'yan ƙungiyar ya rabu. Wasu sun ce wannan aikin gwamnati ne, farar hula ba su da hurumi a ciki. Wasu kuma sun ce a sayi shinkafa da sabulu a kai asibiti ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, shi ke nan an sauke nauyi. Tana so ta san ko suna da ikon shiga, kuma me ya fi dacewa su yi da kuɗin.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri, ke da sauran iyayenmu mata, ya sa abin da kuka tara a mizani. Ni ma'aikacin jinya ne, a sashen ƙashi na wani babban asibiti a nan Legas na yi yawancin aikina har na ajiye, kuma sojoji masu rauni sun sha biyowa ta hannuna tun lokacin da ake dawo da su daga Laberiya da Saliyo. Abin da zan faɗa miki a bakin gado na koye shi.

Kuna da hurumi. Babu abin da ya hana farar hula taimaka wa sojan da ke kwance, muddin an bi ta hannun masu kula da wurin. Amma shinkafa da sabulun rana ɗaya su ne mafi ƙanƙantar abin da za ku iya yi. Inda aka fi buƙatarku shi ne tsakanin ƙofar asibiti da ƙofar gidan mutumin, wato daga ranar da likita ya ce masa an sallame shi zuwa ranar da ya koma cin guminsa. A wannan tsakanin na ga mutane da yawa sun durƙushe, alhali likitoci sun yi nasu aikin yadda ya kamata.

Masu cewa aikin gwamnati ne ba su yi ƙarya ba. Tiyata da magani da albashi da fansho haƙƙin soja ne a wuyan hukumar da ta tura shi bakin daga, kuma kada taimakonku ya zama dalilin da za a daina tambayarta. Sai dai duk inda yaƙi ya yi tsawo, masu rauni sukan fi ƙarfin likitocin soja, kuma mutanen gari ne suke cike giɓin, galibi mata. Ku da kuke karatun Islamiyya kun fi ni sanin Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, a tantinta Annabi (SAW) ya sa aka kwantar da shi don ya riƙa duba shi daga kusa. Ummu Aɗiyya ma, a ruwayar Muslim, ta ce ta fita yaƙi bakwai tana zama a sansani, tana dafa abinci, tana yi wa masu rauni magani, tana kula da marasa lafiya. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya tsaya wa iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma yana da rabonsa na ladan. Ki riƙe wannan na ƙarshen, domin yawancin abin da zan ba ku shawara a kai na iyali ne.

Ƙungiyar Red Cross ma daga irin wannan ta samo asali. Bayan gumurzun Solferino a arewacin Italiya ranar 24 ga Yuni 1859, inda kimanin mutum 40,000 suka mutu ko suka jikkata, wani ɗan kasuwa daga Siwizalan mai suna Henry Dunant ya tarar da masu rauni zube ba mai ba su ko ruwa. Matan garin Castiglione ne suka fito suka yi jinyar, ba su tambayi kowa ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Daga nan aka kafa kwamitin Red Cross a 1863, aka sa hannu kan yarjejeniyar Janiba ta farko a 1864.

Amma misalin da ya fi kama da tambayarki daga yaƙin basasar Amurka yake, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865. A watannin farko na yaƙin mata suka kafa ƙungiyoyin agaji a birnin New York da sauran garuruwa, daga ciki aka haifi wata hukuma ta farar hula mai suna United States Sanitary Commission a watan Yunin 1861. Shugabanta wani malamin coci ne, Henry Bellows, sakatarenta kuma Frederick Law Olmsted. Shugaba Lincoln ya sa mata hannu ne ba da wani ɗoki ba, kuma manyan likitocin soja sun ɗauke ta a matsayin masu shisshigi, kamar dai yadda wasu 'yan ƙungiyarku suke gani. Aikinta na farko duba tsaftar sansanoni ne, domin a wancan yaƙin kusan biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su, zawo da taifot da makamantansu, ba harsashi ba. Sun tara barguna da tufafi da abinci, sun yi manyan kasuwannin baje koli don tara kuɗi, kamar wanda aka yi a Shikago a 1863.

Abin da ya fi burge ni a aikinsu wani sashe ne da wani mai suna Frederick Knapp ya jagoranta. Ya lura cewa a tashar jirgin ƙasa ta Washinton akwai sojoji marasa lafiya da waɗanda aka sallama suna kwance a ƙasa, rundunarsu ta wuce ta bar su, asibiti kuma ya gama da su. Ba su da wurin kwana, takardar sallamarsu da kuskure a ciki don haka ba za a biya su ba, 'yan damfara kuma suna kewaya su suna jiran ranar da kuɗin zai fito. Sai hukumar ta buɗe gidajen sauka kusa da tashoshi, inda mutum zai ci, ya yi wanka, ya kwana kyauta. Ta sa mutanen da za su gyara masa takardu, su bi masa bashin albashinsa, su saya masa tikiti, su ga ya hau jirgin da zai kai shi garinsu. Ta buɗe ofishin cike takardun fansho ba tare da karɓar ko sisi ba. Ta kuma tattara sunayen waɗanda ke kwance a asibitoci, dubban ɗaruruwa, don uwar da ta daina samun wasiƙa ta san inda ɗanta yake. Babu tiyata a cikin duk wannan, babu allura. Masauki ne da takarda da rakiya, kuma su ne har yau ba su da mai su sosai a wurinmu.

Legas ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani, mu ma Hausawan Legas ba baƙi ba ne a ciki. Rundunar sojan Najeriya tana ƙirga asalinta daga Hausawa 18 da Laftanar John Glover ya ɗauka a nan garin a 1863, unguwar Obalende kuma daga matsugunin sojoji ta taso, akasarinsu mutanenmu. Tarihin Red Cross ta Najeriya ya nuna tun 1917 aka yi wasan Adamu Orisha a Legas don tara wa sojojin yaƙin duniya na farko kuɗi, dokar da ta kafa ƙungiyar kuma ta zo a 1960. Asibitin ƙashi na Igbobi da kike gani a kan titin Ikorodu, a matsayin sansanin farfaɗo da sojoji masu rauni ya fara a yaƙin duniya na biyu, lokacin da kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka je ƙasar Bama (Burma) a nahiyar Asiya, kafin ya zama cikakken asibiti a 1945. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, yawan sojan ƙasar nan ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kimanin 250,000 kafin a gama a Janairun 1970, kuma Igbobi ta karɓi masu rauni masu tarin yawa. Cibiyar da ke Oshodi, wadda yanzu take koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'a, ita ma da kula da naƙasassun sojoji ta fara. Akwai kuma ƙungiyar 'yan mazan jiya, Nigerian Legion, wadda doka ta kafa a 1964. Na kawo waɗannan ne don ki san akwai ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa, ba daga sama za ku fara ba.

Sojan da nakiya ta tashi da motarsu a Borno, a fagen daga ake fara tsayar masa da jini, sannan a kai shi asibitin soja a Maiduguri. Idan abin ya yi tsanani a tura shi gaba, da yawa zuwa asibitin soja na 44 a Kaduna, wasu zuwa na 68 a Yaba, wasu kuma sai sun dangana da Igbobi saboda aikin ƙashi ko ƙafar roba. Wanda ya iso Legas galibi doguwar jinya ce a gabansa, ta watanni, wani har shekara. Ƙashin da harsashi ya farfasa ba ya haɗewa kamar karayar faɗuwa daga mashin. Ana sa masa ƙarafa daga waje, a wanke ciwon a ɗakin tiyata sau da yawa, kuma idan ƙwayar cuta ta shiga ɓargo sai an yi ta fama.

To a nan matarsa take shigowa. Za ki ga yarinya ƙarama, ta taso daga wani ƙauye a Katsina ko Yobe da goyo a baya, ba ta taɓa zuwa Legas ba, ba ta jin Turanci balle Yarbanci. Ita ce mai wanke shi, mai zubar da fo, mai zuwa karɓo magani, mai jiran sakamakon gwaji. Na ga wadda take shimfiɗa kwali a baranda ta kwana, da asuba ta naɗe kafin masu shara su zo. Na ga wadda ta yi kwanaki tana ba mijinta maganin sau ɗaya a rana alhali sau uku aka rubuta, saboda wanda ya yi mata bayani ya yi ne cikin sauri da harshen da ba ta ji, ita kuma ta ji kunyar sake tambaya. Hajiya, wannan gurbin babu wanda zai cike shi kamar ku. Agege ta saba saukar baƙo tun zamanin fataken goro. Idan a cikinku akwai masu ɗaki na banza, ko za ku iya kama ɗaki ɗaya da kuɗin ƙungiya, to ku mai da shi masaukin matan majinyata, inda za ta yi wanka, ta wanke kayan yaro, ta yi barci mai kyau ko da dare biyu ne a mako, wata daga cikinku ta karɓe ta a bakin gadon. Yanzu jirgin ƙasan cikin gari yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Yaba, tafiyar ta yi sauƙi. Kuma ku zaɓi mata biyu ko uku masu jin Turanci da Hausa sosai, su riƙa kasancewa a lokacin zagayen likita don yin tafinta.

Bari in nuna miki abin da nake nufi da cewa ƙaramin sani yana ceton mutum. Wanda aka yanke wa ƙafa a ƙasan gwiwa, abin da ya fi masa daɗi shi ne a sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwar ta ɗan lanƙwashe, kuma duk mai tausayi zai sa masa. Idan aka yi haka na makonni, jijiyoyin sai su ƙage, gwiwar ta ƙi miƙewa, ranar da aka zo auna masa ƙafar roba a tarar ba za ta zauna ba. Dole gwiwar ta zauna a miƙe, kuma idan likita ya yarda ya riƙa kwanciya rub-da-ciki na ɗan lokaci kowace rana. Dungun kuma ana naɗe shi da bandeji mai talewa, a karkace ake naɗin, ana gicciyawa, a ɗan matse a ƙarshe a sassauta yayin da ake hawa sama, don kumburi ya sauka ya yi siffar da zai shiga ƙoƙon ƙafar. Idan aka zagaya shi kamar ɗaurin kaya, jini zai taru a ƙasa. Bandejin nan yana saki, ana wanke shi ana sakewa, saboda haka mutum yana buƙatar fiye da ɗaya. Bayan an ba shi ƙafar ma ba a gama ba, domin dungu yana ci gaba da motsewa a watannin farko, ƙoƙon ya yi masa yawa, ya fara goge fata. Sai ya dawo an gyara. Mutum nawa na sani da suka jingine ƙafar a bayan ƙofa suka koma sanduna, ba don komai ba sai rashin kuɗin motar dawowa daga Arewa. Kuɗin motar nan, da masauki idan ya iso, sun fi masa buhun shinkafa nesa ba kusa ba.

Haka wanda harsashi ya taɓa wa laka ƙafafu suka mutu. Abin da ke kashe irinsu bayan sallama gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. Ana juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a duba ƙugu da duwawu da dunduniya, inda fata ta yi ja ko ta yi duhu a ɗauke mata nauyi nan take. Yana buƙatar katifa mai kyau, matashin zama na keken guragu, robar fitsari da ake sauyawa a kan kari, safar hannu, da famfas na manya. Waɗannan kayan ƙarewa suke yi kullum, kuma su ne suke cinye albashin gida. Kafin ku sayi keken guragu ku tambayi masu gashin ƙashi girman da ya dace da mutumin, domin keken da bai yi daidai ba shi kansa yana kawo gyambo.

Abinci yana da muhimmanci, ciwo ba ya cikewa sai da ƙwai da wake da kifi da madara, kuma wanda ya yi wata uku yana ture abincin asibiti zai iya cinye kwanon tuwo da miyar kuka. Amma a tambayi nas mai kula da ɗakin tukuna, akwai masu ciwon suga, akwai waɗanda aka yi wa aiki a hanji, akwai wanda za a shiga da shi tiyata da safe. Kada kowa ya kawo garin magani a barbaɗa a ciwo, kuma ku taya mu lallashin dangin da suke son a sace mutum a kai wa mai ɗori alhali da ƙarafa a ƙafarsa. Jini kuma aikin mazanku ne da samarinku. Lafiyayyen mutum daga shekara 18 zuwa 65 wanda ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, namiji kuma zai iya maimaitawa bayan wata uku. Ku yi magana da 'yan agajin masallatanku su rubuta sunaye da rukunin jinin masu niyya. Ana ɗage tiyata saboda rashin leda biyu.

Yanzu maganar takardu, wadda ba ta da daɗin ji amma a kanta gidaje suke tashi ko su zauna. Idan jinya ta yi nisa, kwamitin likitocin soja ne yake zama ya duba ko mutum zai koma aiki, ko a ba shi mai sauƙi, ko a sallame shi saboda rauni. Rahoton wannan kwamitin, da takardar sallama daga aiki, da katin shaida, da bayanan asusun banki, su ne abin da zai nemi haƙƙinsa da su a hukumar fanshon soja da ke Abuja, kuma lokaci-lokaci ana kiran tantancewa. Harafi ɗaya idan ya bambanta tsakanin sunan da ke fayil ɗinsa da na banki da na katin ɗan ƙasa, Muhammad a nan Mohammed a can, ya isa ya tsayar da biyan kuɗi na watanni. Jinkirin ba ɓoyayye ba ne, tsofaffin sojoji sun sha yin zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja. Ku nemi wani tsohon samanja ko tsohon akawun soja a cikin jama'arku, akwai su a Agege da Obalende da Ojo, wanda ya bi hanyar da ƙafarsa, ya zauna da kowane majinyaci su jera takardun tun yana kwance. A yi kwafi, a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye wa matar nata. A kuma duba wa ya rubuta a matsayin magajinsa. Yawancin samari suna rubuta uba ko wa a ranar da aka ɗauke su kurtu, su yi aure su haihu ba su sauya ba. Idan ta Allah ta kasance, wanda ke cikin fayil shi hukuma za ta nema, matar kuma bayan wani wa'adi za a buƙaci ta bar gidan bariki. Rabon gado hukuncinsa na shari'a ne, amma takardar da ba a gyara ba tana jefa marayu cikin wahalar da ba dole ba. Kuma ku ja musu kunne a kan masu zuwa su ce za su fito da kuɗin da wuri a ba su kaso, ko su nemi katin cirar kuɗi da lambarsa.

Akwai raunin da ba a naɗe shi da bandeji. A watan Disamba, da yara suka fara fasa nokawut a unguwa, na ga ƙaton mutum ya diro daga gado da ƙarafa a cinyarsa yana neman wurin ɓuya, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Wani ba ya barci sai fitila a kunne, wani yana zabura da ihu, wani ya daina magana, wani abu kaɗan ya hau matarsa da faɗa alhali da ba haka yake ba. Waɗanda bam ya tashi kusa da su da yawa kunnensu ya taɓu, a yi ta cewa sun zama masu taurin kai alhali ba sa ji ne. Wanda aka yanke wa gaɓa kuma zai ce miki yatsun da babu su suna yi masa zugi, kuma gaskiya yake faɗa, jijiyoyi ne, likitoci sun san abin kuma akwai magani. Kada a ce masa aljanu ne, kada a ce masa raki ne. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likitan ƙwaƙwalwa, asibitocin soja suna da su, ga kuma asibitin gwamnatin tarayya na masu wannan lalura a Yaba. Ku sa ido a kan maganin kashe zafi, musamman tiramadol, domin da yawa daga jinya suke fara sabawa da shi. Wanda kuwa ya fara cewa gara ma ya mutu, ko yana rarraba kayansa, a gaya wa likitansa a ranar, ba gobe ba. Matan su ne suke fara gani, kuma ba za su faɗa wa kwamanda ba, amma za su faɗa wa uwa irinki idan kin saba zama da su.

Sana'a sai ta biyo baya, kuma ba na son a yi gaggawar saya wa kowa keken ɗinki. A tambaye shi abin da ya iya kafin ya shiga soja, da inda zai zauna. Wani jarin ƙaramin shago ya fi masa, wani gyaran waya, wani kuma matarsa za a ba jari don ita ce mai ƙafar zirga-zirga. 'Yan kasuwarmu na Mile 12 za su iya ɗaukar mutum ɗaya ɗaya a kan teburin lissafi ko tsaron shago, aikin da ake yi a zaune.

Game da shiga, asibitin soja bariki ne, ba a faɗa masa kai tsaye. Ku rubuta wa kwamandan asibitin wasiƙa da sunan ƙungiya, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da kuke son yi. Limamin bariki da magajiyar matan sojoji za su iya yi muku jagora, su suka san gidan da wuta ba ta tashi ba. A asibitin farar hula kuwa sashen jin daɗin marasa lafiya za ku nema. Ku je kaɗan kaɗan, ba ayari ba. Kada a ɗauki hoton kowa a sa a Facebook ko WhatsApp, mutum ne mai mutunci da ya tsinci kansa a kwance ba riga, kuma akwai dalilin tsaro a ciki. Kada a tambaye shi inda aka kai musu hari ko mutum nawa suka mutu. Idan ya so faɗa, a saurara. Kada kuma ku ɗinka riguna da alamar jan kuros ko jan jinjirin wata, doka ta keɓe su ga masu su, kuma rayukan ma'aikata a fagen yaƙi sun dogara da kada a yi wasa da alamar.

Abu ɗaya da nake roƙonku da babbar murya: idan kun shiga ɗaki, kowa na ɗakin naku ne. Za ku tarar da Bahaushe kusa da Ibo, kusa da Tibi, kusa da Bayarabe da Bachama, a rami ɗaya suka kwana, wataƙila wannan ne ya ɗauko wancan a kafaɗa. Na taɓa ganin masu ziyara sun tsallake gado saboda sunan da ke rubuce a kai, kuma wanda aka ba kayan shi ya fi jin kunya, bayan sun fita ya raba da maƙwabcinsa. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ma ta wajabta a yi jinyar abokin gaba idan ya ji rauni ba tare da bambanci ba, balle wanda ya zubar da jininsa yana tsare garuruwanmu. Saboda haka ku raba asusu biyu. Zakka tana da mutanenta da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, malamanku za su nuna muku wanda ya cancanta a cikin matalauta da masu bashi. Sadaka da gudummawa kuma a yi wa kowa da su.

Kuɗi a ajiye su a banki da sa hannun mutum biyu, a rubuta duk abin da ya fita, a karanta wa 'yan ƙungiya duk wata. Idan za ku fara karɓa daga mutanen waje, ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu. Wanda ya zo muku da kansa ya ce shi soja ne mai rauni, kada a wulaƙanta shi, amma a karɓi lambarsa ta aiki a tabbatar ta hannun asibiti ko ofishin 'yan mazan jiya kafin a ba da wani abu mai yawa. Inda hali ya yi, ku biya kuɗin abu kai tsaye, tikitin mota ko katifa ko kuɗin makarantar yaro.

Ranar 15 ga Janairu, ranar da aka ajiye don tunawa da 'yan mazan jiya saboda a ranar yaƙin basasa ya ƙare, ku je idan kuna so, ku sayi bajen tunawa ku maƙala. Sai dai a makon nan masu ziyara suna yawa, kaya har su taru a kusurwa, daga Fabrairu kuma sai ɗakin ya koma shiru. Ku fara da gida uku ko huɗu waɗanda za ku iya riƙewa har shekara ta zagayo, ku karɓi lambar wayar matan, ku ci gaba da kira bayan sun koma Arewa, ku rubuta ranar da likita ya ce kowa ya dawo. Idan kun sami ganin babbar nas ta ɗakin, ku tambaye ta abu biyu: wa za a sallama a watan nan, kuma wane ne ba wanda yake zuwa duba shi. Ta san su da suna da lambar gado, daga nan za ku fara. Allah ya ba su lafiya, ya ba ku ikon cikawa.